Ƙin Ikon Allah da Taɓarɓarewar Ɗabi'a a Tunanin Agustin na Hippo

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda Agustin, bishop na Hippo (354-430), ya fahimci alaƙar ƙin ikon Allah da lalacewar ɗabi'ar al'umma. Ta dogara ne a kan littafinsa Birnin Allah da babi na farko na wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa. Matsayin maƙalar shi ne, Agustin ya ɗauki lalacewar ɗabi'a a matsayin hukuncin da ke biyo bayan juya wa Allah baya, amma ya ƙi yarda a mai da faɗuwar gari ko bunƙasar daula ma'aunin wannan lalacewa.

Gabatarwa

Ranar 24 ga Agusta, 410, mayaƙan Gotawa ƙarƙashin Alarik suka kutsa birnin Roma, suka yi kwana uku suna kwasar ganima. Rabon da abokan gaba su ci birnin an kusa shekara 800. Masu bin addinin gargajiya na Romawa ba su sha wahalar nemo mai laifi ba. A 382 Sarki Giratiyan ya sa an fitar da bagaden allahiyar nasara daga zauren majalisar dattawa. A 384 ɗan majalisar dattawa Simakus ya roƙi a mayar da shi, Bishop Amburos na Milan ya tsaya kai da fata har roƙon ya faɗi. Daga 391 zuwa 392 kuma dokokin Sarki Tiyodosiyus suka haramta yanka wa gumaka. Don haka masu bin addinin gargajiyar suka ce alloli ne suka janye kariyarsu tun da aka yi watsi da su.

Abin lura a nan, hujjar cewa masifa na bin wanda ya bar abin bauta, a bakin abokan hamayyar Kiristoci ta fito a wannan karon. Wannan ne ya tilasta wa Agustin yin taka-tsantsan. Ya fara rubuta Birnin Allah a 413 bisa roƙon wani jami'in daula mai suna Marselinus, bai kammala ba sai wajen 426, cikin littattafai 22.

Tushen matsalar a wurin Bulus

A Romawa 1:18-32, Bulus ya jera al'amarin daki-daki. Mutane sun san Allah ta wurin halittarsa, suka ƙi girmama shi da gode masa, suka koma bauta wa abin da aka halitta. Sau uku, a ayoyi na 24, 26 da 28, ya ambaci cewa Allah ya sallama su ga son zuciyarsu. Bayan nan ne jerin munanan halaye ya biyo: kwaɗayi, hassada, kisankai, yaudara, rashin biyayya ga iyaye, rashin tausayi. Wasu masu wa'azi kan ɗauki jerin nan a matsayin laifuffukan da za su jawo fushin Allah nan gaba. Tsarin nassin ya nuna akasin haka. Laifin asali shi ne karkatar da sujada, munanan halayen kuwa su ne alamar cewa hukuncin ya riga ya fara aiki.

A kan wannan tubali Agustin ya yi gini. A littafi na 14 ya bayyana cewa sakamakon rashin biyayyar Adamu shi ne rashin biyayya: mutumin da ya bijire wa Mahaliccinsa sai ya wayi gari jikinsa da sha'awarsa sun bijire masa, yana son abu ya kasa, yana ƙin abu ya aikata. Daga nan ya raba 'yan Adam gida biyu bisa abin da suke ƙauna. Akwai al'ummar da son kai ya kafa har ta raina Allah, akwai wadda ƙaunar Allah ta kafa har ta ƙasƙantar da kanta.

Daga zuciya zuwa fada

Inda Agustin ya fi nuna gwaninta shi ne yadda ya bi sawun wannan cuta har cikin siyasa, kuma da marubutan Romawa ya kafa shaida, waɗanda abokan gardamarsa ba za su iya ƙaryatawa ba. Salust, masanin tarihi da ya rasu tun kafin haihuwar Almasihu, ya rubuta cewa tsoron abokiyar gabarsu Kartaj ne ya riƙe haɗin kan Romawa, da aka rushe ta a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu sai kwaɗayi da son mulki suka yi musu katutu. Agustin ya ɗauki wannan ya tambaya: ina allolin suke lokacin da shugabannin yaƙin Roma, Mariyus da Sula, suke zubar da jinin 'yan uwansu? Ya ƙara da cewa allolin ba su taɓa ba masu bautarsu dokar kyakkyawan hali ba, sai ma wasannin batsa da ake yi a dandali da sunan girmama su.

Sha'awar danne wasu ita ce ya gani a matsayin babbar alamar al'ummar da ta ƙi ikon Allah. A littafi na 19 ya ce Allah ya ba mutum iko a kan dabbobi ne, mallakar mutum ɗan uwansa kuwa zunubi ne ya kawo ta. A littafi na 4 ya kamanta daular da babu adalci a cikinta da gungun 'yan fashi, ya kawo labarin ɗan fashin teku da ya gaya wa Iskandari cewa yawan jirage kaɗai ya bambanta su. Ko kyawawan halayen Romawan farko bai bar su ba. Ya yarda suna da jarunta da kamewa, amma ya ce son yabo ne ya danne sauran miyagun halayensu. A ganina a nan ya ɗan tsananta, domin ma'aunin nasa ya sa da wuya a sami wani nagarin aiki na wanda ba mai bi ba da zai tsira daga zargi.

Iyakar hujjar

Duk da haka Agustin bai ce Roma ta faɗi don zunubanta sun fi na wasu ba. A littafi na 1 ya nuna cewa takobin Gotawa bai tantance Kirista da mai bautar gumaka ba, wahala ɗaya ce ta sami nagari da mugu, bambancin yana ga yadda kowa ya ɗauke ta. A littafi na 5 ya tuna wa mai karatu cewa Allahn da ya ba Agustus sarauta shi ya ba Nero, wanda ya ba Kustantin shi ya ba Juliyan da ya fita daga Kiristanci. Ke nan mulki da nasara ba su tabbatar da yardar Allah, rasa su ma ba ya tabbatar da fushinsa.

Ba duk marubutan Kirista na wancan ƙarni suka tsaya a wannan iyaka ba. Salbiyan, wani firist a Marsai ta ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta a shekarun 440 cewa Allah ya miƙa lardunan daular ga baƙin ƙabilu saboda fasikanci da zaluncin Romawa Kiristoci. Ya yi bayani mai ratsa jiki kan talakawan da haraji ya kora zuwa wurin Gotawa, har ya yaba wa Bandalawa don sun rufe gidajen karuwai bayan sun ci Kartaj a 439. Sukar tasa mai amfani ce ga masanin tarihi, sai dai ta fuskar tauhidi ta koma kan turbar masu bautar gumakan 410, an canza sunan abin bauta kawai. Agustin bai ga wannan rubutu ba. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, Bandalawan suna kewaye da Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya a yau.