Kuɗin Bincike da Matsalar Irin Citta: Nazari kan Cibiyoyin Noma da ke Abuja Bayan Annobar 2023

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda cibiyoyin gwamnati da ke Abuja suke ware kuɗi domin bunƙasa noman citta na kasuwanci, inda ta dogara da dokokin kafa su da sanarwar da suka fitar bayan annobar cutar citta ta 2023. Ta nuna cewa agajin gaggawa ya rinjayi bincike, alhali tushen matsalar yana cikin irin da ake shukawa.

Shimfiɗa

Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen noman citta, Indiya kuma ita ce kan gaba. Cibiyar noman citta a Nijeriya ita ce kudancin Kaduna, wato Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a, daga nan ya miƙa zuwa Nasarawa, Filato da Babban Birnin Tarayya, wanda yankinsa na Bwari ya yi iyaka da Kagarko. A daminar 2023 cutar fangas ta faɗa wa gonakin waɗannan wurare: ganye ya ƙone, citta ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da naira biliyan 12, ta kafa kwamitin yaƙi da cutar, sannan a 2024 Asusun Bunƙasa Noma na Ƙasa, NADF, ya sanar da tallafin naira biliyan 1.6 domin farfaɗo da manoma.

Inda gizo ke saƙa

Citta ba a shuka ta da ƙwaya kamar gero ko dawa. Manomi yana ɓalla cittar bara gutsure-gutsure ya binne, ita ce irinsa. Abu biyu ne suke biyo bayan haka. Duk cutar da ke jikin uwa tana bin 'ya'ya zuwa gona ta gaba, ko daga buhun manomin aka ɗebo irin ko daga kasuwa. Sannan, da yake da wuya citta ta yi ƙwaya, ba a iya auratar da iri biyu a fitar da sabo yadda masanan cibiyar binciken noma ta Samaru suke yi wa masara da wake. Shi ya sa shekara da shekaru noman ƙasar nan ya rataya a kan iri biyu da manoma suka sani, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Idan cuta ta samu lagon ɗaya, ta samu lagon yanki guda.

Hanyoyin da suka rage wa masana su ne renon tsiro a kwalba cikin ɗakin gwaje-gwaje domin samun iri mai tsabta, da shigo da nau'o'i daga waje a gwada su, da kuma haska iri da hasken gama ko a dace da wanda zai jure cuta. Kowace daga cikinsu tana cin shekaru, domin citta takan yi wata bakwai zuwa tara a ƙasa, damina ɗaya gwaji ɗaya ke nan. Kasafin da ake yi shekara-shekara, wanda sau da yawa ba a sakin sa sai shuka ta wuce, bai dace da aiki irin wannan ba. A ganin mai wannan nazari, raba taki da magani da iri wanda ba a tantance ba rufe ido ne kawai, kuma abin takaici ne, domin manomin da ya ci bashi ya sake shuka shi ne zai ɗauki asarar karo na biyu.

Wa ke riƙe da me?

Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa, NRCRI, da ke Umudike a Jihar Abia, ita aka ɗora wa alhakin citta, tana da reshe a Maro ta Jihar Kaduna da kuma Nyanya a Babban Birnin Tarayya. Majalisar Binciken Noma ta Nijeriya, ARCN, wadda aka yi wa dokarta gyara a 2021, tana Abuja tana daidaita ayyukan cibiyoyin. NADF ma yana Abuja, TETFund da ke ɗaukar nauyin binciken jami'o'i haka nan, na'urar hasken gama kuwa tana Sheda a yankin Kwali. Kayan aiki dai suna nan a warwatse, ba duka ne suke ƙarƙashin ma'aikata ɗaya ba.

Indiya ta bi wata hanya. Cibiyar binciken kayan yaji da ke Kozhikode a Kerala ta fitar da nau'o'in citta irin su Varada da Mahima, saboda aikin yana hannun masana da ba su da wani abin yi sai binciken kayan yaji.

Shawarar maƙalar ita ce NADF ya keɓe wani kaso na kuɗin citta a matsayin tallafin bincike na shekara biyar, ARCN ta sa ido, a ɗaure shi da ma'auni guda: yawan tsabtataccen irin da ya isa hannun manomi kafin ruwan Afrilu. Gonakin ninka iri su kasance a ƙasar da ba a taɓa noma citta ba, kuma Kwali, Kuje da Abaji suna da irin wannan ƙasa. 'Yan kasuwar da ke fitar da busasshiyar citta ta tashar Legas su ma a shigo da su cikin biyan kuɗin, ta hanyar ƙungiyarsu, a kan kowane tan da suka fitar.