Filin Golf ɗin da zomaye suka kusa cinyewa

Yau tarihinmu zai kai mu Sikotilan, can arewacin Birtaniya, wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna St Andrews. Nan ne filin golf mafi suna a duniya yake, wasan nan da ake bugun ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami.

Asalinsa fili ne na kowa da kowa, yashi da ciyawa da ƙaya. Nan ake kiwon tumaki, nan mata ke shanya. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya sa hannu a takardar da ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙin yin wasa a wurin. Ramukan da ake bugawa 22 ne, sai a 1764 aka mai da su 18. Wannan adadin ne duniya ta ɗauka har yau.

To, ga inda rigima take. A 1797 bashi ya yi wa majalisar garin katutu, ta sayar da filin. Bayan shekara biyu ya faɗa hannun wasu ƴan kasuwa, iyalan Dempster, masu kiwon zomaye don nama da fata. Kun san zomo da tono. Fili duk ya zama ramuka, ban da waɗanda ƴan wasa ke nema! Aka shiga kotu, har alƙalai suka ba mutanen gari damar kashe zomayen, masu kiwo suka ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Sama da shekara 20 ana ja, sai a 1821 wani mai gonaki, James Cheape, ya saye filin ya bar wa ƴan wasa.

A ganina takardar 1552 ce ta yi aiki nan, don an sayar da ƙasa, amma haƙƙin jama'a bai bi ta ba.

Jirgin ƙasa ya iso garin a 1852, baƙi suka yi yawa. Tom Morris, wanda ya yi kusan shekara 40 yana kula da filin, ya sare ƙaya ya faɗaɗa shi, kuma a 1873 aka fara kawo babbar gasar Open nan. Dokar 1894 ta mai da filin hannun gari, tun 1974 kuma wani kwamitin amintattu ke riƙe da shi.

Yau baƙo sai ya biya kuɗi mai tsoka, sau da yawa ma sai ƙuri'a ta faɗa kansa kafin ya samu bugawa. Amma ran Lahadi, in ba babbar gasa ake ba, ba a wasa. Filin na mutanen gari ne ranar, su shigo da yaransu da karnukansu su sha iska.