Imrana ɗan Husaini da Shekaru Talatin na Jinya

A cikin sahabban da suka zauna a Basra, babu wanda marubuta tarihi suka danganta sunansa da doguwar jinya kamar Imrana ɗan Husaini al-Khuza'i, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya musulunta a shekarar yaƙin Khaibara, shekara ta 7 bayan Hijira, kuma shi ya riƙe tutar ƙabilarsa ranar buɗe Makka. Daga baya Halifa Umar ya tura shi Basra domin ya karantar da mutanenta addini. Ya yi alƙalanci a can na ɗan lokaci, sannan ya nemi a sauke shi. Da fitina ta ɓarke tsakanin Musulmi kuwa, sai ya kame hannunsa.

Cutarsa ta fara tun Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana raye. Bukhari ya ruwaito cewa basir ya matsa masa, sai ya yi tambaya game da salla, aka umarce shi ya yi ta a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Wannan hadisi shi ne ginshiƙin babin sallar marar lafiya a littattafan fiƙihu. Ke nan ciwon bai sa ya nemi hanyar barin ibada ba, yadda zai ci gaba da ita ya nema.

Ibn Sa'ad da Zahabi sun kawo daga Ibn Sirin cewa ruwa ya taru masa a ciki har shekara talatin, ana ta ba shi shawarar a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi yana ƙi, sai saura shekara biyu ya rasu ya amince. Ƙin nasa yana da dalili, domin yana cikin waɗanda suka ruwaito hadisin mutum dubu saba'in masu shiga Aljanna ba hisabi, kuma barin lalas yana cikin siffofinsu. A Sahihu Muslim ya shaida wa almajirinsa Muɗarrif ɗan Abdullahi cewa ana yi masa sallama, da aka yi masa lalas sai ta yanke, da ya bari sai ta dawo. Nawawi ya bayyana cewa mala'iku ne masu sallamar. Ya kuma nemi a ɓoye wannan labari muddin yana raye.

A nan ne darasin yake. Mutumin da ya jure shekara ashirin da takwas ya kai matsayin da ya karɓi abin da ya daɗe yana gudu, kuma bai ɓoye wa almajirinsa hakan ba. Malamai ba su ɗauki wannan a matsayin zunubi ba, tunda neman magani halal ne. Sun ɗauke shi saukowa daga mafi cikar tawakkali, wanda ya sake komawa gare shi. Haƙuri bai sauko masa dare ɗaya ba, koyonsa ya yi, da tuntuɓe da miƙewa.

Gazali ya kawo ƙissarsa a Ihya'u a babin yarda da hukuncin Allah: yana kwance rigingine a kan gadon da aka huda saboda biyan buƙata, mai dubiya ya fashe da kuka, shi kuma ya hana shi, yana nuna cewa abin da Allah Ya fi so shi ne ya fi so. Malamai da yawa sun rarrabe tsakanin matakan biyu: haƙuri, wato kame harshe da gaɓɓai daga raki, wajibi ne, yarda kuwa, wato natsuwar zuciya da abin da aka ƙaddara, mustahabbi ce. Bai kamata a ɗora wa majinyaci na biyun a matsayin farilla ba.

Imrana ya rasu a Basra a shekara ta 52 bayan Hijira. An ruwaito Ibn Sirin yana ganin babu sahabin da ya sauka a birnin da ya fi shi falala. Allah ne Mafi sani.