Yadda Kamfanin Stora Ya Shiga Lissafin Ɓarnarsa

A can arewacin Turai, a ƙasar Suwidin, akwai wani kamfani da ake kira Stora, wanda ake lasafta shi cikin mafiya tsufa a duniya. Akwai takardar shekarar 1288 wadda ta nuna wani babban limamin Kirista ya mallaki kashi ɗaya cikin takwas na ramin jan ƙarfe na garin Falun, inda kamfanin ya samo asali. Masu haƙa sukan hura wuta a jikin dutse don ya tsage, saboda haka ramin ya ci itace ba iyaka, hayaƙin ƙona ƙarfen kuwa ya kashe tsire-tsiren kewayen garin.

Da tafiya ta yi nisa, sai kamfanin ya koma ga katako da takarda. A 1903 hukumar ƙasar ta kafa doka, cewa wanda duk ya sare daji wajibi ne ya tabbata wani ya tsiro a gurbinsa. Doka ce mai kyau, amma itatuwa kaɗai ta ƙidaya. Ba ruwanta da dattin da masana'antun takarda ke zubarwa cikin koguna.

A 1996 wata ƙungiyar duniya mai mazauni a Janiba ta fito da ƙa'idar kula da muhalli, ISO 14001. A 1998 kuma Stora ya haɗu da kamfanin Enso na ƙasar Finlan, suka zama Stora Enso, mai masana'antu a ƙasashe da dama. To, gida mai ƙofofi da yawa ba ya tsaruwa da faɗar baki. Sai masana'antun suka riƙa karɓar ƙa'idar ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda aikin yake. Kowace masana'anta ta rubuta hanyoyin da take ɓata ruwa da iska da ƙasa, ta yanka wa kanta abin da za ta rage, ta naɗa mutumin da za a tuhuma, ta horar da ma'aikata. Sa'an nan masu bincike daga waje su zo su gwada littattafan da abin da idonsu ya gani. Aikin akawu ne tsantsa, ƙarfinsa kuwa ke nan, gama abin da aka rubuta ba ya musantuwa. Bayan shekara uku ake sabunta shaidar.

Sai dai ƙa'idar ba ta faɗi iyakar dattin da za a zubar ba. Wannan ta bar wa dokar kowace ƙasa, da kuma kamfanin kansa.