Ibrananci: Harshen da ake koyo ta hanyar bukukuwa da al'adu

Ibrananci, wanda wasu ke kira Yahudanci, ɗan uwan Larabci ne na kusa. Yana da haruffa 22, kuma daga dama zuwa hagu ake rubuta shi. Masana harsuna sun sanya shi cikin babban dangi ɗaya da Larabci da Amharik na Habasha da kuma Hausa.

Ƙarnoni da dama harshen ya kasance na addu'a da karatun Attaura da rubuce-rubucen malamai, ba a hira da shi a gida ko a kasuwa. Al'amarin ya fara sauyawa ne bayan da Eliezer Ben-Yehuda ya koma birnin Ƙudus a shekarar 1881, ya kuma ƙudiri aniyar cewa Ibrananci kaɗai za a yi a gidansa. A 1922 Turawan Ingila masu mulkin Falasɗinu suka amince da shi a matsayin harshen hukuma, tare da Larabci da Ingilishi.

Makarantun Ulpan

Bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948, Yahudawa sun riƙa kwarara daga Turai da Yaman da Iraƙi da Maroko, kowa da harshensa. Domin haɗa kansu a kan harshe guda aka buɗe makarantar farko ta koyar da manya, wato Ulpan, a Ƙudus cikin 1949. Akan shafe kimanin watanni biyar ana karatu, malami kuwa da Ibrananci yake magana tun daga ranar farko. Ta wannan hanya ce Yahudawan Habasha da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka koyi harshen daga baya.

Darussan sukan bi kalandar Yahudawa, ta yadda kowane biki yake zuwa da nasa kalmomin. Kalandar tana bin wata ne, amma ana ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19, domin kada bukukuwa su kauce wa lokutansu.

Kalmomi daga bukukuwa

Shekara tana farawa da Rosh Hashana, cikin Satumba ko farkon Oktoba. Mai ilmin Larabci zai gane sunan nan take, domin "rosh" shi ne "ra'as", wato kai, "shana" kuma "sana", wato shekara. Ana busa ƙahon rago mai suna shofar, ana tsoma tuffa cikin zuma, ana gaisawa da "shana tova", ma'ana fatan shekara mai kyau.

A rana ta goma sai Yom Kippur, ranar neman gafara, wadda ake azumin kimanin sa'o'i 25. "Yom" daidai yake da "yaum", "kippur" kuma tushensu ɗaya da "kaffara". Azumin kansa "tsom" ake ce masa, kamar "saum" na Larabci, inda Hausa ta samo "azumi". Sadaka kuwa "tsedaka" ce.

Bikin Pesah na tunawa ne da fitar Bani Isra'ila daga Masar ƙarƙashin jagorancin Annabi Musa (AS). Kwana bakwai ake yi a Isra'ila ana cin matsa, gurasar da ba a sa mata yisti ba. A daren farko ƙaramin yaron gida ne ke rera tambayoyi huɗu da Ibrananci, lamarin da ya sa yaran Yahudawa a Amurka ko Faransa kan haddace su tun kafin su iya harshen.

Rayuwar yau da kullum

Kamar a Hausa, sunayen ranakun mako ƙidaya ce. Lahadi ita ce "yom rishon", rana ta farko, Alhamis kuma "yom hamishi", ta biyar. Asabar kaɗai ke da suna nata, Shabbat, ranar hutu da ke kamawa daga faɗuwar rana ta Jumma'a. A kasuwa kuwa kalmar da baƙo kan fara karo da ita ita ce "kasher", wato abincin da addini ya halatta: ba naman alade, ba a kuma haɗa nama da madara.

Harshen titi ya ari kalmomi da dama daga Larabcin Falasɗinawa, irin su "yalla" da "sababa". Sai dai matsayin harsunan biyu ba ɗaya ba ne. Larabawa, waɗanda suka kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar, suna koyon Ibrananci a makaranta domin neman aiki da shiga jami'a, alhali Yahudawan da ke jin Larabci sosai ba su da yawa. A 2018 majalisar dokoki ta Knesset ta zartar da dokar da ta mai da Ibrananci harshen ƙasa shi kaɗai, aka bar Larabci da "matsayi na musamman", matakin da Larabawan ƙasar suka yi Allah wadai da shi.