Hotunan Hausawan Kurmi da Masu Wanke Su

Tsohon hoto mai baƙi da fari idan ya koma ruwan ɗorawa, fuskoki suka dusashe, sai a ce ai tsufa ne. Ni ina ganin tsufa bai isa hujja ba. A hotunan da Hausawan Fatakwal da Anacha da Inugu suka bari, abin da ya raba wanda ya rayu da wanda ya lalace shi ne aikin mai wankin hoto a ɗakin duhu, mutumin da ba a cika tunawa da shi ba.

Sana'ar hoto ta riga unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu zama a yankin. Jonathan Adagogo Green, ɗan garin Bonny da ya rasu a 1905, shi ya ɗauki shahararren hoton Sarkin Benin Ovonramwen a jirgin ruwa a 1897, kan hanyarsa ta zuwa Kalaba bayan Turawa sun tuɓe shi. Daga baya aka gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, kuma da ya kai Arewa sai fatake da dillalan shanu da mahauta suka yi ta kwararowa. Zama ya yi daɗi har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Baƙon da ya kafu haka yana bukatar hoto, na fasfon Hajji, na takardar aiki, ko wanda zai aika gida sanye da babbar riga domin iyaye su ga ba a banza ya bar gari ba. Galibin masu situdiyon 'yan Kudu ne, don haka a hannun maƙwabci Bahaushe yake barin kamanninsa.

Kayan Kodak da Ilford da Agfa an tsara su ne a kan ruwa mai zafin digiri 20, alhali ruwan da ya wuni a randa ko tanki a Fatakwal yakan doshi 30. A irin wannan zafi sinadarin da ke fito da hoto yana gaggawa, fim ya yi baƙi ƙirin ko ya fito da dabbare-dabbare, shafin da ke kansa kuma ya yi laushi har farce ya karce shi. Mai dabara sai ya sa ƙanƙara, ko ya jira sanyin asuba. Ita ma ƙanƙarar da tarkonta, domin fim da ya fita daga ruwan sanyi ya faɗa na ɗumi yakan tattare ya yi ƙananan tsage kamar busasshen laka. Sai babban aikin, wato ɗauraya. Bayan an tsoma takarda a sinadarin da ke zaunar da hoto, dole a wanke ragowarsa, kuma takardar wancan zamani tana son kusan awa guda a ruwa mai gudana. Inda famfo ke ɗaukewa, da bokiti ake yi, a zubar a sake, a zubar a sake. Wanda ya gaji ya taƙaita, ko ya ci gaba da amfani da sinadarin da ya riga ya sane saboda tsada, hotonsa zai fito tas a ranar, shekaru kaɗan ya fara rawaya. Masu akwatin katako na bakin kasuwa, waɗanda ke wanke hoto a cikin akwatin mutum na tsaye yana jira, ɗauraya ɗaya suke yi a gwangwani, shi ya sa nasu ya fi saurin mutuwa.

Wani zai ce danshin kurmi ne mai laifi. Gaskiya ne Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kuma fumfuna na cin fim. Amma fumfuna tabonta daban, zare-zare ne da ɗigo-ɗigo, ba rawayar da ke game takarda ba, kuma hotuna biyu kan kwana a akwati guda, ɗaya ya dusashe ɗaya yana nan garau. Danshi yana hanzarta ɓarnar da gajeren wanki ya shuka ne. Wani kuma zai ce rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa unguwannin, wanda ke gudun ransa bai tsaya ɗaukar hoto daga bango ba. Wannan ma haka ne, kuma shi ne ya sa hotunan da aka aika gida Kano da Sakkwato da Katsina kafin lokacin suke da daraja ta musamman, ga shi kuma sana'ar kanta ta ja baya da injinan wanke hoto mai launi suka yaɗu a shekarun 1980.

Mai irin wannan hoto a gida, ya cire shi daga leda, ya raba shi da bango mai laima, ya sa a yi masa kwafi a kwamfuta, sannan ya tambayi dattawa sunan wanda ke ciki da garin da aka ɗauka, ya rubuta a bayansa da fensir tun suna raye.