Kalmar “Dictator” da Rushewar Jamhuriyar Rumawa

1.0 Gabatarwa

Babu wata rana da aka taɓa yin shela a birnin Rum cewa an soke jamhuriya. Majalisar Dattawa ta ci gaba da zama, ana kuma naɗa masu muƙamai shekara-shekara, alhali iko ya riga ya tattaru a hannun mutum ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hakan ya auku, ta hanyar lura da sunayen muƙamai, musamman kalmar nan ta Latin, “dictator”. Za a nuna cewa sunayen sun wanzu, ma’anarsu ce aka riƙa kwashewa sannu a hankali. Shekarun da aka kawo duk na kafin Miladiyya ne, waɗanda ake ƙirgawa da baya-baya, sai dai inda aka nuna akasin haka.

2.0 Tsarin Jamhuriya

Bisa ga ruwayar Rumawa, a shekara ta 509 ne suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkiniyus. Tun daga nan kalmar “rex”, wato sarki, ta zama abin ƙyama a bakinsu. Sun kira sabon tsarinsu “res publica”, ma’ana al’amarin jama’a, suka kuma gina shi a kan sharuɗɗa biyu: ba a riƙe iko sai na ƙayyadadden lokaci, kuma ba a riƙe shi sai da abokin tarayya. Shugabanni biyu ake zaɓa kowace shekara, masu laƙabin “consul”, kowanensu yana iya taka wa ɗan’uwansa birki. Akwai kuma wakilan talakawa, waɗanda yawansu ya kai goma, masu ikon hawa kujerar na-ƙi, kuma doka ta haramta a taɓa lafiyarsu. Majalisar Dattawa mai mambobi kimanin 300 ce ke kula da baitulmali da hulɗa da ƙasashen waje.

Idan masifa ta taso, akan naɗa “dictator”, mutum ɗaya mai cikakken iko, amma wa’adinsa ba ya wuce wata shida. A wancan zamani kalmar ba ta ɗauke da ma’anar zalunci. Rumawa sukan buga misali da Sinsinatus, wanda aka ce an ɗauko shi daga gona a shekara ta 458, ya ci yaƙi, ya ajiye muƙamin cikin kwana 16. Bayan shekara ta 202 an daina naɗa wannan muƙami har tsawon shekara 120.

3.0 Tsagewar Bango

Tsarin da aka yi wa birni guda ya wayi gari yana ɗauke da daula. A shekara ta 146 Rum ta rusa Kartaj da Korinti. Ganima da bayi suka kwararo, attajirai suka mamaye filayen gwamnati, ƙananan manoma kuwa, waɗanda su ne sojoji, suka riƙa shafe shekaru a fagen daga. A shekara ta 133 wakilin talakawa Tiberiyus Girakus ya kawo dokar da ta ƙayyade filin gwamnati da mutum zai riƙe zuwa kimanin hekta 125, a raba sauran ga marasa gona. Da ya nemi a sake zaɓensa, wasu ’yan majalisa suka far masa, suka kashe shi tare da magoya bayansa wajen 300. Ƙanensa Gayus ma ya rasa ransa a irin wannan rikici a shekara ta 121. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ne kulki da takobi suka shigo dandalin siyasa.

Ɓaraka ta biyu daga soja ta zo. A shekara ta 107 Mariyus ya ɗauki ’yan sa-kai marasa dukiya aikin soja, al’adar da ta yi ta ƙarfi a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. Jamhuriya ba ta tanadar wa soja komai ba idan an sallame shi. Kwamandansa ne ke fafutukar samo masa gona. Saboda haka biyayya ta fara karkata daga hukuma zuwa ga kwamanda. Shi kansa Mariyus ya riƙe muƙamin “consul” sau bakwai, biyar daga ciki a jere, daga 104 zuwa 100.

4.0 Sulla da Kaisar

A shekara ta 88 aka ƙwace wa Sulla jagorancin yaƙin gabas aka miƙa wa Mariyus. Sulla ya juyo da rundunoninsa ya afka wa Rum, abin da babu kwamandan da ya taɓa yi. Bayan ya ci yaƙin basasa a shekara ta 82, sai ya tono tsohon muƙamin “dictator”, aka naɗa shi domin tsara dokoki da gyara jamhuriya, ba tare da an yanka masa wa’adi ba. Ya kafe jerin sunayen abokan gabarsa a dandali, duk wanda ya kashe ɗayansu yana da tukuici, dukiyar mamacin kuma a ƙwace. Ya karya lagon wakilan talakawa, ya faɗaɗa majalisa zuwa kimanin 600, sannan ya sauka da kansa, ya mutu a shekara ta 78. An warware yawancin matakansa a kan wakilan talakawa a shekara ta 70, amma darasin da ya koyar bai warwaru ba.

A shekara ta 60 Fompe da Karasus da Yuliyus Kaisar suka ƙulla yarjejeniya ta sirri don juya al’amuran ƙasa. Kaisar ya shafe shekarun 58 zuwa 50 yana yaƙi a ƙasar Gol, wadda ta haɗa da Faransa ta yau. Karasus ya mutu a yaƙi a shekara ta 53, ƙawancen ya wargaje. Da majalisa ta umarci Kaisar ya ajiye rundunarsa, sai ya ƙetare kogin Rubikon da ita a watan Janairu na 49. Ya karya Fompe a Farsalus a shekara ta 48. A shekara ta 46 aka naɗa shi “dictator” na shekara goma, a farkon 44 kuma aka mayar da shi “dictator perpetuo”, wato na dindindin. Muƙamin da asalinsa wa’adi ne ya zama ba shi da wa’adi. Ko da yake ya ƙi karɓar kambin sarauta da Antoniyus ya miƙa masa a bainar jama’a, ’yan majalisa kimanin 60, a ƙarƙashin Burutus da Kasiyus, sun ƙulla makircin da ya halaka shi ranar 15 ga Maris, 44.

5.0 Agustus

Bayan kisan, Antoniyus ya kawo dokar da ta soke muƙamin “dictator” ɗungum. Sai dai an gudu ne ba a tsira ba. A shekara ta 43 doka ta ba Antoniyus da Lefidus da Oktabiyan, magajin Kaisar, cikakken iko na shekara biyar, da sunan gyara jamhuriya. Suka dawo da jerin sunayen kisa. A ciki ne fasihin nan Sisero ya rasa ransa. Daga bisani su ma suka juya wa juna, har Oktabiyan ya karya Antoniyus da Sarauniyar Masar Kiliyobatara a Aktiyum a shekara ta 31.

Oktabiyan ya fahimci cewa suna ne ya ja wa Kaisar mutuwa. A watan Janairu na 27 ya sanar da mayar da mulki ga majalisa da jama’a. Majalisa ta saka masa da laƙabin “Augustus”, mai alfarma, ta kuma damƙa masa lardunan Sifaniya da Gol da Siriya, inda mafi yawan sojoji suke. A shekara ta 23 ya ajiye muƙamin “consul” ya karɓi ikon wakilin talakawa, ba tare da ya riƙe kujerar ba. Wato garkuwar da aka ƙera wa talaka ta zama sandar mai mulki. Da jama’a suka matsa masa ya zama “dictator” a shekara ta 22, ya ƙi. Ya gwammace a kira shi “princeps”, na farko cikin ’yan ƙasa. Ya rage rundunoni zuwa 28, ya kuma kafa asusun sallamar soja a shekara ta 6 Miladiyya, ta haka ya toshe ƙofar da shi kansa ya shigo ta cikinta. Da ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, Tiberiyus, agolansa, ya gaje shi, aka kuma mayar da zaɓen manyan muƙamai daga hannun jama’a zuwa zauren majalisa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa kalmar “dictator” ta bi matakai huɗu: wata shida, sai babu wa’adi a zamanin Sulla, sai dindindin a zamanin Kaisar, sai sokewa. Mulkin mutum ɗaya bai kafu sosai ba sai bayan da aka soke kalmar, domin Agustus sauya wa tuwo suna ya yi. Harsunan duniya sun adana wannan tarihi. Sunan Kaisar ya zama laƙabin sarauta a Jamusanci da Rashanci da Larabci, watannin Yuli da Agusta kuwa, da ake faɗa a Hausa, sunayen waɗannan mutane biyu ne. Ga mai nazarin harshe, darasin shi ne cewa wanzuwar kalma ba hujja ba ce ta wanzuwar abin da take nufi. Wajibi ne a duba wa ke riƙe da iko, na wane tsawon lokaci, kuma wa ke iya ce masa a’a.